Faɗuwa da ƙidaya a damben turawa: tarihin wani hukunci, 1743–2018

Gabatarwa

A fagen damben gargajiya na Hausawa, idan hannun ɗan dambe ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Sai a ce an yi kisa, makaɗa su juya kiɗa ga wanda ya yi nasara. Haka abin yake a kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975: kaye guda shi ke raba gardama. Amma a damben turawa, wato wanda ake yi da safar hannu cikin fage mai igiyoyi (la boxe anglaise), faɗuwa ba ta rufe magana. Mutum yana iya faɗuwa sau 3 cikin turmi guda, ya tashi, daga baya ya ci wasan. Wani kuma a tsaye yake bisa ƙafafunsa, amma alƙali ya ce doka ta ɗauke shi a matsayin wanda ya faɗi.

Abin da muke son nunawa cikin wannan ƙasida shi ne, faɗuwa a damben turawa hukunci ce da mutum ke yankewa, kuma ma'anar wannan hukunci ta sauya sau da yawa cikin shekaru fiye da 270. Da farko an ƙirƙiro ƙidaya don a raba gardamar masu caca. Daga baya ta zama hanyar fid da gwani. A ƙarshe aka ɗora mata nauyin kare ran wanda ya faɗi, nauyin da ba ta iya ɗauka ita kaɗai. Za mu bi wannan tarihi ta hanyar tambayoyi 3: mi ake kira faɗuwa, wa ke riƙe da lokaci, kuma don wa ake ƙirgawa.

Game da kalmomi: muna cewa turmi ga abin da Faransawa ke kira reprise, alƙalin fage ga arbitre, alƙalan maki ga juges, mai agogo ga chronométreur. Daƙiƙa a nan tana nufin kashi 1 cikin 60 na minti.

1. Zamanin tsurar hannu

Dokokin farko da aka rubuta na wannan dambe su ne waɗanda Jack Broughton, zakaran Ingila, ya fitar a Landan ranar 16 ga Agusta 1743, don wasannin da ake yi a gidan kallonsa. Doka 7 ce kacal. A lokacin ba safar hannu, ba ƙararrawa, turmi kuma ba shi da ƙayyadadden tsawo. Ana kai naushi, ana kuma kama mutum daga ƙugu zuwa sama a kayar da shi kamar a kokowa. Turmi yana ƙarewa ne idan ɗaya ya kai ƙasa, ko ta naushi ko ta kaye.

A tsakiyar dandamali ana zana murabba'i da alli, yadi guda kowane gefe. Idan mutum ya faɗi, mataimakinsa yana da rabin minti ya kawo shi bakin wannan zane. In ya kasa, an cinye shi. An hana dukan wanda ke ƙasa, aka kuma ce wanda ke durƙushe bisa gwiwoyinsa a ɗauke shi ya faɗi. Masu raba gardama mutum 2 ne da ƴan damben ke zaɓa daga cikin manyan da suka zo kallo; in sun saɓa, su zaɓi na uku.

Abin lura a nan shi ne dalilin da dokar kanta ta bayar na sa rabin minti: don a kauce wa jayayya kan tsawon kwanciyar wanda ya faɗi. Jayayyar kuwa ta kuɗi ce. Manyan Ingila suna zuba dukiya kan ƴan dambe kamar yadda suke zubawa kan dawakin sukuwa, kuma dole a san lokacin da caca ta faɗi. Haka kuma ba a buƙatar ɗan damben ya tashi da kansa. Ana iya ciccibo shi, a yayyafa masa ruwa, a tsayar da shi bakin zane ko da hankalinsa bai gama dawowa ba.

Dokokin fagen Landan na 1838, waɗanda aka sake gyarawa a 1853, sun toshe wannan kafa. Fage ya zama mai ƙafa 24 kowane gefe, wato kimanin mita 7 da ɗan ɗoriya, da layi guda a tsakiya. Bayan hutun daƙiƙa 30, ɗan dambe yana da ƙarin daƙiƙa 8 ya tako zuwa layin da ƙafafunsa, ba mai riƙe shi. Wannan shi ne karon farko da doka ta nemi jikin mutum ya ba da shaida da kansa cewa yana iya ci gaba.

Sai dai tsarin yana da wata ɓaraka. Tun da faɗuwa tana kawo hutun rabin minti, wanda ya jigata sai ya zube da ɗan taɓi kaɗan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Dokokin sun hana mutum ya yar da kansa da gangan ba tare da an buge shi ba, amma tabbatar da niyya yana da wuya. Shi ya sa turame suke yawa. A wasan John L. Sullivan da Jake Kilrain a Richburg, jihar Misisipi ta Amurka, ranar 8 ga Yuli 1889, an yi turmi 75 cikin awa 2 da ƴan mintoci. Shi ne wasan ƙarshe na kambun manyan masu nauyi da aka yi da tsurar hannu.

2. Dokokin Queensberry

Dokokin da suka maye gurbin waɗancan John Graham Chambers ne ya tsara su, aka buga su a 1867 da sunan basaraken Queensberry. Sun kawo safar hannu, suka hana kokowa, suka sa turmi ya zama minti 3 da hutun minti 1. Daga nan agogo ne ke yanke turmi. Faɗuwa ta zama abin da ke aukuwa a cikin turmi, kuma tana da nata ƙaramin lokaci: daƙiƙa 10, mutum ya tashi da kansa, ba mataimaki a cikin fage, abokin karawarsa kuma ya koma kusurwarsa. In bai tashi ba, alƙali yana da ikon ba ɗayan nasara.

Sauyin yana da girma. A dā wanda ya faɗi yana da daƙiƙa 38 da taimakon mutanensa. Yanzu yana da 10 shi kaɗai. Faɗuwa ta tashi daga mafaka ta koma haɗari, kuma naushi guda yana iya ƙare wasa. Abin da ake kira K.O. daga nan ya samo siffarsa ta yau. Ranar 7 ga Satumba 1892 a New Orleans, James J. Corbett ya kayar da Sullivan a turmi na 21 ƙarƙashin waɗannan dokoki, ya karɓe kambun.

Dokokin Queensberry sun kuma faɗaɗa ma'anar kasancewa ƙasa. Wanda ya kafa gwiwa guda ya faɗi. Wanda ke rataye bisa igiya ba ƙarfi, yatsun ƙafarsa ba su taka ƙasa, shi ma ya faɗi. Amma ba su bambanta wanda naushi ya kayar da wanda santsi ko kasala ta kayar ba: duk wanda ya kai ƙasa, ko ta wace hanya, daƙiƙa 10 gare shi. Wannan bambanci ƙarni na 20 ne ya kawo shi, lokacin da aka fara ƙayyade yawan turame ana fid da gwani ta hanyar maki.

3. Mi ake kira faɗuwa?

Ƙa'idar da ake bi a yau tana da sassa biyu. Na farko na ido ne: wani sashe na jiki, ban da tafin ƙafa, ya taɓa ƙasa, ko da safar hannu ce ta shafi dandamali; ko igiya ce ta tare mutum da ya faɗi; ko ya faɗa wajen fage. Na biyu na dalili ne: dole ya zamana halaltaccen naushi ne ya jawo hakan. Santsi, turi, taɗiya, karon kai ko duka ƙasa da ɗamara ba su cikin lissafi. Sashe na farko kowa yana iya ganinsa. Na biyu kuwa alƙalin fage ne kaɗai ke yanke shi, nan take, daga inda ya samu kansa a tsaye.

Wasan da ya fi nuna nauyin wannan sashe na biyu an yi shi a filin Buffalo da ke Montrouge, bakin birnin Faris, ranar 24 ga Satumba 1922. Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Sanagal, ya kara da Georges Carpentier, gwarzon Faransa kuma mai riƙe da kambun duniya na rukunin da ke ƙasa da manyan masu nauyi. A turmi na 6 Carpentier ya zube bai tashi ba. Alƙalin fage, Henri Bernstein, ya ce Siki ya sa masa ƙafa, ya kore shi daga wasan, ya bar wa Carpentier kambunsa. Ƴan kallo, waɗanda galibinsu Faransawa ne, suka ƙi yarda suka yi ta ihu. Bayan ɗan lokaci alƙalan da ke gefen fage suka soke hukuncin, Siki ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya. Kowa a filin ya ga Carpentier kwance. Gardamar duka a kan abin da ya kwantar da shi take, kuma a zamanin mulkin mallaka amsar tana da nauyin da ya wuce na wasa.

Irin wannan ruɗani bai ƙare ba da zuwan hoto. Ranar 24 ga Maris 1975, kusa da Cleveland, Muhammad Ali ya kai ƙasa a turmi na 9 gaban Chuck Wepner, alƙali Tony Perez ya ƙirga masa. Hotunan da aka ɗauka sun nuna ƙafar Wepner bisa ƙafar Ali lokacin da naushin ya sauka. A Las Vegas ranar 7 ga Mayu 2011, Kenny Bayless ya ƙirga wa Manny Pacquiao a turmi na 10 bayan Shane Mosley ya ture shi, daga baya alƙalin ya nemi gafara. Wasu hukumomin dambe sun halatta duba hoton bidiyo don gyara irin wannan, amma gyaran yana zuwa ne bayan ɗan damben ya riga ya sauya dabararsa saboda hukuncin da ya ji.

Dalilin da ya sa kuskuren yake da tsada shi ne tsarin maki. A tsarin da ake bi yanzu, wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan 9. Faɗuwa guda bisa al'ada tana mai da shi 10 da 8, ta biyu 10 da 7, ta uku 10 da 6. Ranar 8 ga Mayu 2004 Pacquiao ya kayar da Juan Manuel Márquez sau 3 a turmin farko. Alƙalan maki 2 suka rubuta 10 da 6, na uku, Burt Clements, ya rubuta 10 da 7. A ƙarshen turmi 12 takardarsa ta tashi 113 da 113, sauran biyun suka rabu, wasan ya tashi kunnen doki. Da ya rubuta 10 da 6, da Pacquiao ya ci.

4. Wa ke riƙe da lokaci?

Ko da yake dokokin 1867 sun ce mai tsaye ya koma kusurwarsa, a Amurka ta farkon ƙarni na 20 ba a cika tilasta hakan ba. Jack Dempsey yakan tsaya kan wanda ya kayar, yana ɗagowa ya sake sauke masa naushi. Haka ya yi wa Jess Willard a Toledo ranar 4 ga Yuli 1919, inda ya kayar da shi sau 7 a turmin farko. A faɗuwa ta bakwai alƙali ya ƙirga har 10, Dempsey ya fita daga fage, sai aka gano ƙararrawa ta riga ta kaɗa, hayaniya ce ta hana a ji. Aka kirawo shi aka ci gaba, Willard ya sha duka har ƙarshen turmi na 3.

Ranar 14 ga Satumba 1923 a Niyu Yok, Dempsey ya kayar da Luis Ángel Firpo na Ajantina sau 7 a turmin farko ta wannan hanya. Cikin turmin dai Firpo ya fid da shi ta tsakanin igiyoyi, ya faɗa kan teburin ƴan jarida, su kuma suka tura shi ya koma. Dempsey ya ci a turmi na 2, amma sukar da ta biyo baya ta ƙarfafa wata ƙa'ida: wanda ya kayar ya tafi kusurwar da ba ta kowa ba, mafi nisa da wanda ke ƙasa, kuma ba a ƙirga sai ya tafi. A dokokin yau, wanda ya faɗa wajen fage gaba ɗaya yana da ƙidaya 20 ya koma, ba tare da taimakon kowa ba.

Dempsey kansa ne wannan ƙa'ida ta ci. Ranar 22 ga Satumba 1927 a filin Soldier Field na Shikago, gaban mutane fiye da 100.000, ya nemi karɓo kambunsa daga Gene Tunney. A turmi na 7 ya kayar da Tunney, ya tsaya kusa kamar yadda ya saba. Alƙalin fage, Dave Barry, ya ƙi fara ƙidaya sai da ya kora shi kusurwa. Lokacin da ya juyo, mai agogo ya kai 5, amma Barry ya fara daga 1. Tunney ya tashi a 9, bayan ya yi kimanin daƙiƙa 14 a ƙasa. A turmi na 8 shi ma ya kayar da Dempsey, Barry kuma ya fara ƙirgawa nan take ba tare da ya jira Tunney ya kai kusurwa ba. Tunney ya ci da maki bayan turmi 10, ƙarar da ɓangaren Dempsey ya shigar kuma ba ta sauya sakamakon ba.

Shari'a saɓanin hankali. Agogo ya ce 14, doka ta ce 9. Abin da wasan Shikago ya tabbatar shi ne ɗan dambe bakin alƙali da yatsunsa yake bi, domin wanda ke kwance ba ya ganin agogo. Mai wayo yakan zauna har 8 ko 9 ya tara numfashi, kuma ba a iya hukunta shi da wata ƙidayar da bai ji ba. Don a rage tazarar, aka daidaita kan cewa mai agogo ya fara ƙirga da zarar mutum ya faɗi, alƙali ya kora ɗayan kusurwa, sannan ya karɓi ƙidayar daga inda ta kai. In mai tsaye ya ƙi tafiya ko ya baro kusurwar, alƙali ya dakatar.

Wannan sarƙa mai mutum biyu ta tsinke a Lewiston, jihar Maine, ranar 25 ga Mayu 1965. Ali ya kayar da Sonny Liston a turmin farko, ya tsaya kansa yana yi masa tsawa. Alƙalin fage, tsohon zakara Jersey Joe Walcott, ya shagala da ture Ali, bai karɓi ƙidaya ba ko sau ɗaya. Liston ya tashi, aka koma dambe. Sai Nat Fleischer, mai mujallar The Ring, wanda ba shi da wani muƙami a wasan, ya kira Walcott daga gefe ya ce mai agogo ya wuce 10. Walcott ya dawo ya tsayar da wasa. An cinye Liston da ƙidayar da ba a taɓa yi masa a kunne ba, abin da ya saɓa wa darasin 1927.

A Tokiyo, ranar 11 ga Fabrairu 1990, aka koma kan darasin. Mike Tyson ya kayar da James Douglas a ƙarshen turmi na 8, Douglas ya tashi a 9 bisa ƙidayar alƙali Octavio Meyran, wadda ta yi baya da ta mai agogo. A turmi na 10 Douglas ya kayar da Tyson har 10. Mai shirya wasan, Don King, ya kai ƙara cewa tun a turmi na 8 wasan ya ƙare. Ƙungiyoyin WBC da WBA suka jinkirta amincewa da sakamakon, IBF ta amince nan take. Cikin ƴan kwanaki aka janye ƙarar, kowa ya karɓi Douglas. Ƙidayar 10 ba daƙiƙa 10 ba ce daidai wa daida. Ƙirga 10 ce ta bakin mutum guda da doka ta ba wannan iko.

5. Don wa ake ƙirgawa?

Har tsakiyar ƙarni na 20, da mutum ya miƙe ƙidaya ta ƙare, duka ya ci gaba. Masu zuciya sukan zabura a 2 ko 3 don kada a ga gazawarsu, su tari naushi na gaba ƙafafu na rawa. Girgizar ƙwaƙwalwa kuwa ba ta washewa cikin daƙiƙa 3, kuma duka na biyu kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta girgiza ya fi na farko haɗari. A 1953 hukumar wasanni ta jihar Niyu Yok ta sa ƙidaya 8 ta dole: ko mutum ya tashi a 2, alƙali zai ƙirga har 8. Da farko wasannin kambu ba su cikin dokar. A karo na uku na Floyd Patterson da Ingemar Johansson, a 1961, aka yi aiki da ita a wasan kambun manyan masu nauyi. Ƙidayar ta zama lokacin bincike: alƙali ya goge safar hannu, ya dubi idanu, ya yi tambaya, ya ce a tako gabansa.

Wata dabara ita ce dokar faɗuwa 3, wadda ke tsayar da wasa idan mutum ya faɗi sau 3 a turmi guda. Masu goyon bayanta suna nuni da wasa irin na 26 ga Yuni 1959, inda Johansson ya kayar da Patterson sau 7 a turmi na 3 kafin alƙali Ruby Goldstein ya shiga tsakani. Masu sukarta suna kawo Archie Moore, wanda Yvon Durelle ya kayar sau 3 a turmin farko a Montréal ranar 10 ga Disamba 1958, ya sake kayar da shi a na 5, amma Moore ya ci a turmi na 11. Faɗuwa 3 marasa nauyi ba su kai guda ɗaya mai tsanani ba, kuma lamba ba ta bambanta su.

Iyakar ƙidaya ta fito fili ranar 24 ga Maris 1962 a Madison Square Garden. A turmi na 12 Emile Griffith ya matse Benny Paret, ɗan Kiyuba, a kusurwa yana ta sauke masa naushi. Paret bai faɗi ba, saboda igiyoyi sun riƙe shi. Kafin Goldstein ya raba su ya riga ya suma a tsaye, ya rasu ranar 3 ga Afirilu. An nuna wasan kai tsaye a talabijin. Tsarin da ke jiran mutum ya taɓa ƙasa kafin ya ba shi sarari bai amfani wanda igiya ta hana faɗuwa ba. Shekara 20 bayan haka, ranar 13 ga Nuwamba 1982 a Las Vegas, Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 gaban Ray Mancini. Ya kama igiya ya miƙe kafin 10, alƙali ya tsayar da wasan, amma Kim ya suma ya rasu bayan ƴan kwanaki. WBC ta rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12, kuma kafin ƙarshen 1988 sauran manyan ƙungiyoyin sun bi sahu.

Wata amsa ga matsalar Paret ita ce ƙidayar tsaye: alƙali ya tsayar da duka ya ƙirga 8 ga wanda ya jigata ko da bai faɗi ba. A damben masu son wasa, irin wanda Issaka Daboré ya ciwo wa Nijar lambar tagulla a cikinsa a wasannin Olimpik na Munik a 1972, ƙidayar tsaye ginshiƙi ce, an kuma ƙayyade sau nawa ake iya ƙirga wa mutum a turmi guda kafin a tsayar da wasa. A damben sana'a an gwada ta, aka kuma soke ta da hujja mai ƙarfi: tana ba wanda ya kamata a cire daga wasa hutun da zai koma ya ƙara shan duka. Haɗaɗɗun dokokin da hukumomin dambe na Amurka ke bi a wasannin kambu sun ajiye ƙidaya 8 ta dole, suka yar da ƙidayar tsaye da dokar faɗuwa 3, suka kuma ce ƙararrawa ba ta ceton wanda ake ƙirga wa a kowane turmi.

Ma'anar wannan ita ce an janye lambobi aka mai da nauyin kan idon alƙali. Wasanni biyu sun nuna faɗin ikon. Ranar 17 ga Maris 1990 Meldrick Taylor yana gaba a takardun alƙalai 2 cikin 3 lokacin da Julio César Chávez ya kayar da shi a ƙarshen turmi na 12. Ya tashi, Richard Steele ya ƙirga 8, ya tambaye shi ko yana lafiya, bai samu amsar da ta gamsar da shi ba, ya tsayar da wasan saura daƙiƙa 2. Ranar 1 ga Disamba 2018 a Los Angeles, Deontay Wilder ya shimfiɗe Tyson Fury a turmi na 12, ya kwanta rigingine ba motsi. Alƙalai da yawa da sun ɗaga hannu nan take. Jack Reiss ya ƙirga, Fury ya tashi kafin 10, ya sa shi ya taka ya gani, ya bar shi ya ƙarasa, wasan ya tashi kunnen doki. Doka guda ce ta halatta hukuncin biyu: tashi kafin 10 sharaɗi ne na ci gaba, amma bai wajabta wa alƙali ya yarda ba.

Kammalawa

Mun ga yadda ikon faɗin cewa mutum ya ƙare ya yi ƙaura. A 1743 yana hannun mataimakin da ke ciccibo ɗan dambe, da manyan da suka zuba kuɗi. A 1838 ya koma ga ƙafafun ɗan damben. A 1867 aka damƙa shi ga daƙiƙa 10, a 1927 ya tabbata cewa goman ta bakin alƙali ce. Daga 1953 zuwa yau an ƙara wa alƙalin aikin duba lafiya cikin ƙidaya 8, aka kuma ba shi ikon ƙin yarda da wanda ya tashi. Kusan kowane mataki ya biyo bayan rigima ko gawa; ba a cika gyara dokar ba sai abin ya auku.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin kokowa da damben gargajiya su ma sun shiga zamanin rubutacciyar doka, da alƙalai masu horo, da kyaututtuka masu tsoka, da talabijin. Ƙa'idar kisa ta dambenmu tana da wata fa'ida da damben turawa ya rasa: wanda ya taɓa ƙasa ba a sake tsayar da shi gaban naushi a wannan karo. Amma ita ma tana jiran faɗuwa kafin ta yi aiki, kuma labarin Paret ya nuna abin da ke iya samun wanda bai faɗi ba. Masu tsara dokokin wasanninmu suna da tambayoyi biyu da ya kamata su amsa a rubuce tun kafin gardama ta taso: wa ke da kalmar ƙarshe idan aka saɓa kan abin da ya kayar da mutum, kuma wa ke da ikon tsayar da wasa alhali duka biyun suna tsaye.